Uwar Ƙullun Inna

Duk wadda ta shigo gaisuwar Inna, da ta yi addu'a ta shafa, sai ta ɗauko zancen funkaso. Kwana uku ina zaune a kan tabarma ina jin wannan, har abin ya fara ba ni haushi. Mace ta yi kusan shekara tamanin a duniya, ta haifi takwas ta binne uku, ta baro daji da shanu ta zo ta koyi zaman birni da girmanta, amma abin da mutanen Moduganari suka riƙe a kanta shi ne funkaso. Mijina ya ce a rumfar maza ma haka ake yi. Wani dattijo mai sayar da awaki ya zauna yana ta goge ido da hannun riga, yana cewa shi dai bai san da me zai buɗe baki ranar farko ta azumin bana ba. Wata 'yar uwarta da ta zo daga Dusuman ta yi kukanta da Larabcin Shuwa, ta koma Kanuri, da ta gaji ta juyo gare ni ta ce da Hausa, wa zai riƙa yi mana yanzu.

A rana ta biyu wata tsohuwa ta zo, ta ɗaura ɗankwali irin na matan coci, ta zauna can bakin tabarma kusa da takalma. Na gane ta. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, wadda muke kira Mama, wadda suka yi faɗa da Inna shekara takwas da suka wuce. Babu wanda ya matsa mata wuri. Ba ta daɗe ba. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce idan na buƙaci wani abu tana Ajilari, bayan makarantar firamare. Na ce to, na gode, irin amsar da ake ba kowa.

Ni surukar Inna ce, matar ɗanta na uku, kuma ina koyarwa a firamare. Shekara goma sha huɗu muka yi gida ɗaya. Ina rubuta wannan ne don jikokinta su san ta fiye da hoton da ke rataye a falo, kuma don akwai abin da ya faru tsakanin rasuwarta da sadakar bakwai da nake so ya zauna a rubuce yadda ya faru, har da inda ban fita da kyau ba.

Inna gajeriya ce, siririya, mai kaifin ido. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Malama take ce mini, kuma daga yadda ta ja kalmar nake gane ko yau lafiya muke. Idan ta ce Malama a gajarce, shayi take so. Idan ta ja ta, to na yi wani abu. Da Larabci take addu'a da faɗa da 'ya'yanta, da Kanuri take ciniki, Hausa kuwa ta ajiye mini ita da jikoki. Ta riƙe awaki a bayan gida har ta rasu, duk da ƙorafin kowa, kuma maganar da take yi musu ta fi wadda take yi mana taushi. Na taɓa gaya mata haka. Ta ce awaki ba sa mayar da magana.

Bayan randar ruwa, inda yashi ke da danshi kullum, akwai wata 'yar tukunyar ƙasa da aka rufe da faifai. A ciki uwar ƙullu take. Ragowar ƙullun alkama ne da aka bari ya yi tsami, wanda idan aka zuba kaɗan a sabon ƙullu shi ke tashe shi. Inna ta ce wata tsohuwar Kanuri ce ta ɗibar mata a shekarar da suka sauka birni, lokacin ko tuƙa tuwo a murhun gari ba ta iya ba. Tun daga ranar take ciyar da ita. Kowace safiya bayan ta idar da salla za ta ɗebe rabi ta ba awaki, ta zuba garin alkama cikin tafi ɗaya da ruwa kaɗan, ta juya da yatsa, ta sunsuna, ta rufe. A zafin Maiduguri, kwana biyu ba a yi haka ba ta lalace. Shi ya sa Inna ba ta kwana a gidan biki, komai kusancin zumunci.

A watan farko na aurena na yi niyyar burge ta. Na sayo yis a shago, na kwaɓa fulawa, cikin awa biyu ƙullu ya cika roba. Na soya funkaso manya, jajaye, na kai mata da miyar taushe ina jiran yabo. Ta ɓalli rabi ta tauna a hankali, ta duba cikinsa kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa.

Ta ce, "Ya tashi, Malama. Amma ba shi da kowa."

Na shiga ɗaki na yi kuka, na gaya wa mijina uwarsa ba ta ƙaunata. Ya yi dariya ya ce ai na ci sa'a, na matar yayansa ko ɓalla ba a yi ba. Na yi shekara biyu ina riƙe da maganar nan. Ni mai saurin fushi ce, kuma ba na saurin hucewa, wannan Inna ta sani tun kafin ni in yarda.

Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce zo in koya miki ba. Sai dai ta ce in riƙe mata roba. Ina riƙe da roba na ga yadda take surfa alkama ta wanke ta shanya kafin a kai niƙa, yadda take gwada ɗumin ruwa da bayan hannu, yadda take bugun ƙullu da tafi har sai ya fara bin hannunta yana ƙin rabuwa. Ana jin bugun nan daga ƙofar gida. Idan ya kwana ya tashi, sai ta ɗiga ruwan kanwa kaɗan don tsamin kada ya yi yawa, ta jiƙa hannu, ta ɗebo, ta huda tsakiya da babban yatsa, ta sake shi a man gyaɗa ba tare da ya fantsama ba. Ni kuwa na ƙone sau nawa ban sani ba. Duk lokacin da na ƙone sai ta ce gaggawa ce, wai ina sakin ƙullu kamar ina sallamar 'yan aji.

Kuma funkason farko da ya fito daga kasko ba na gida ba ne. Ko jikoki na kuka, sai an sa shi a kwano an miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Shekaru da yawa kwanon nan gidan Mama yake zuwa. Ita mutuniyar kudancin Borno ce, mijinta akawu ne, katangarmu ɗaya. Inna ta ɗibar mata uwar ƙullu tun kafin a auro ni, ta koya mata, har ya zama idan Kirsimeti ta zo su biyu suke kwana biyu suna suya, idan Salla ta zo haka.

Awaki ne suka raba su. Wata rana aka bar ƙofar baya a buɗe, suka shiga gidan Mama suka cinye yakuwa da kuɓewar da ta shuka, har da 'yan itacen gwanda da ta yi wata uku tana ba ruwa. Mama ta fito ranta a ɓace ta ce su makiyaya ko sun shekara ɗari a birni ba za su san darajar shuka ba. Inna ta tsaya a kan turmi don ta ga cikin gidan da kyau, ta ce tunda haka ne a dawo mata da uwar ƙullunta. Mama ta ce ta zo ta ciro ta daga cikin 'ya'yanta da suka cinye. Mu muna ɗaki muna danne dariya, mun ɗauka kwana biyu za a yi. Kwano bai sake hawa katangar nan ba. Bayan shekara ɗaya mijin Mama ya yi ritaya suka koma Ajilari, ko sallama ba a yi ba. Ranar da motar kayansu ta tashi Inna ta wuni a bayan gida wajen awaki, ba ta ci abinci ba.

Sai shekarar da ruwa ya ci gari. Mun fita da kayan jikinmu, ruwa har ƙirji, mijina ya goya Inna. Da muka dawo bayan makonni, randa ta fashe, taɓo ya cika ɗakin girki, awaki biyu sun tafi. Ba a yi kwana goma ba na tashi da safe na ji bugun ƙullu. Ga sabuwar 'yar tukunya a bayan sabuwar randa. Na tambaye ta, ta ce ai a ƙugunta ta ɗauro uwar ƙullun ranar da muka fita. Ni na san ƙarya ce, don ni na canza mata zane a ranar, babu komai a ƙugunta sai carbi. Amma ta ja Malamar nan tata, sai na bar maganar.

Ciwonta na ƙarshe bai yi wata ba. Ana saura kwana huɗu ta rasu, muna zaune da babbar 'yarta, wadda duk gidan ke kira Yaya, sai Inna ta buɗe ido ta ce ranar bakwai ɗinta kada a tara mutane a ba su shinkafa kamar gidan suna. Funkaso za a yi, da uwar ƙullunta.

Yaya ta ce, "To Inna, zan yi."

Inna ta ce, "Malama ce za ta yi."

Yaya ta gyara mata filo. Amma na ga fuskarta. 'Ya'ya mata uku Inna ta bari, kowacce ta iya girki, sai ta tsallake su ta ɗora wa bare. Ni kaina ban ji daɗi ba, tsoro na ji. A kwanakin jinyar ni nake ciyar da tukunyar, kuma kullum sai Inna ta sa na kawo mata ta sunsuna.

A al'adarmu gidan rasuwa ba ya ɗora tukunya kwana uku. Maƙwabta ke kawo abinci, matan dangi su karɓi ɗakin girki, su yi ta wanke kwanuka suna mayarwa. Ni kuwa aka zaunar da ni karɓar gaisuwa. Safiya ta farko na tuna da tukunyar, na ce bari mutane su ragu. Ta biyu ban tuna ba sam. Da wata daga cikin matan ta leƙo ta tambaye ni me da me za a wanke, na ce duk abin da suka gani da datti su wanke, ban ko ɗaga kai ba.

Ranar uku da la'asar, bayan an watse daga addu'a, na zaga bayan randa. Faifan yana nan, tukunyar ba ta nan. Na same ta a tsakar gida a kife cikin kwanuka, an goge ta da yashi da sabulu, tana ƙamshin lemo. 'Yar uwar nan ta Dusuman, wadda ta fi kowa kuka, ta ce mini ita ta wanke, wai wani abu ne ya ruɓe a ciki yana wari, ta zubar a kwata. Ta faɗa tana jiran in gode mata. Na kuwa gode mata, don me zan ce, ni na ba da umarni.

Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauki tukunyar na mayar bayan randa na rufe da faifai kamar akwai abu a ciki. Daga lokacin abinci ya daina wuce mini. Duk wadda ta ce Allah ya kai mu ranar bakwai mu ci na ƙarshe, sai in ce amin in kawar da kai. Yaya ta aika aka surfo alkama kwano goma, ta tambaye ni sau biyu ko uwar ƙullun na lafiya, sau biyu ina cewa tana lafiya. Na yi tunanin in kafa sabuwa, amma kwana uku ba su isa ba, kuma ko ta kama ba ta Inna ba ce. Shekara hamsin tsohuwar nan ta riƙe abu, ni kwana uku aka bar mini na kashe shi.

Ranar huɗu na ce zan je kemis. Na wuce shagon unguwarmu na tafi wani mai nisa inda ba a san ni ba, na sayi yis. Na riga na tsara yadda zan yi: yis kaɗan, da nono mai tsami, a bar shi ya kwana, wataƙila tsofaffi su ce baƙin ciki ne ya canza musu baki. Na sa shi a jakata ƙarƙashin littattafan yara. Ina faɗin wannan ne don gaskiya, ba don na yi alfahari da shi ba. Na yi niyyar in ciyar da mutum ɗari ƙarya da sunan mamaciya.

Washegari da safe ina ninke kayan Inna, na ɗaga zanen da na canza mata ranar ruwa, sai maganar ƙugun nan ta dawo mini. Idan ba a ƙugunta ta fito da ita ba, to daga wani wuri ta samo ta. Mutum ɗaya na sani a duniya da Inna ta taɓa ɗibar wa. Na sa hijabi na tari keke zuwa Ajilari, jakar tana kafaɗata, yis yana ciki. Duk hanya ina lissafin abin da zai faru. Shekara takwas, mace ta tsufa, 'ya'ya sun watse, wa zai ci gaba da ciyar da tukunyar wadda ta zage shi ta kan katanga. Kuma ga yadda muka bar ta a bakin tabarma kusa da takalma.

Na same ta tana ba shukokinta ruwa. Ta ce lale, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na fara kewaye-kewaye, gajiya, jama'a, zafi. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "'Yata, an wanke ko?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce ta sani tun ranar da ta zo gaisuwa, da ta ga baƙin mata sun cika ɗakin girki. Haka aka yi mata lokacin rasuwar mijinta, sai dai ita ta riga ta ɓoye tata a ƙarƙashin gado. Ta tashi ta shiga ciki ta fito da wata 'yar roba mai murfi. Tana buɗewa warin ya bugo ni, warin safiyar gidanmu, sai na fashe da kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na natsu ta ba ni labari. Bayan ruwa, wata rana da hantsi ta ji sallama, ta fito ta ga Inna tsaye ita kaɗai da sabuwar tukunya a hannu. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta tambayi lafiya ba, ta ce tata ta tafi da ruwa. Mama ta ɗibar mata. Suka zauna, can Inna ta dubi gwandar tsakar gidan ta ce ta yi kyau, a nan babu awaki. Suka yi dariya har suka yi hawaye. Tun daga nan duk wata sai ta zo. Mu a gida mun san asibiti take zuwa awon hawan jini, kuma ba ta yarda a raka ta. Ta hana Mama faɗa, wai kada 'ya'yanta su ce ta sauko.

Mama ta ce zuwan Inna na ƙarshe da ƙyar take tafiya. Ta zauna a inda nake zaune ta ce mata, "Idan na tafi za su wanke tukunyar nan, na san gidana. Malama za ta zo. Tana da gaggawa, tana da baki, amma ba za ta sa na shago ta ce nawa ne ba. Idan ta zo ki ba ta."

Jakar tana kan cinyata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na buɗe na ciro yis ɗin na ajiye a kan tabarma tsakaninmu, na ce Mama, ga abin da na saya jiya. Ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Amma nan kika zo."

Na dawo gida da rabin kofi. Rabin kofi ba ya tashe kwano goma, sai da na ciyar da ita sau uku kafin yammacin ranar shida, kowane lokaci ina ɗaga faifai in duba ko ta kama. Kafin in kwaɓa babban ƙullun na kira Yaya bayan gida wajen awaki na gaya mata komai, wankewar, ƙaryata sau biyu, yis, Ajilari, da asibitin Inna. Na shirya ta wanke ni tas. Ta kalli awakin ta ce ashe shi ya sa hawan jinin bai taɓa sauka ba. Ta naɗe hannun riga ta ce in kawo robar, ita za ta riƙe.

Muka buga har kafaɗata ta mutu, muka rufe robobi uku da zane kafin magariba. Ban yi barcin kirki ba. Da na idar da sallar asuba na tsaya a ƙofar ɗakin girki na kasa shiga, sai Yaya ce ta wuce ni ta ɗaga zanen. Ƙullu ya kai baki, ya yi ƙananan idanu, yana motsi a hankali. Ta ce in ɗora mai.

Na jiƙa hannu, na ɗebo, na huda da babban yatsa, na sake shi a hankali yadda ban taɓa yi ba. Ya nutse, ya ɗan jima a ƙasa, sannan ya taso ya kumbura. Na juya shi, na tsame da matsami. Tsakar gida ta riga ta cika, jikoki sun kewaye ni, 'yar uwar nan ta Dusuman ta miƙo hannu tana cewa a ba ta ta ɗanɗana.

Yaya ta ce a'a. Ta ɗauko tsohon kwanon Inna ta sa funkason a ciki ta rufe. Mama ta iso tun da sassafe, ta koma wurinta na rannan, bakin tabarma kusa da takalma. Yaya ta ratsa mata har can, ta durƙusa, ta ajiye kwanon a gabanta, ta ce na farko na maƙwabta ne. Mama ta ɓalli rabi ta tauna a hankali, ta duba cikinsa. Ni ina tsaye da matsami a hannu, mai yana ƙonewa a bayana.

Ta ɗago ta ce, "Malama, wannan yana da kowa."

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kaifin harshenta, ya saka mata da abin da ta ciyar. Uwar ƙullun yanzu tana gida biyar, don ranar da aka watse kowace 'ya ta tafi da tata a kofi. Tawa tana bayan randa. Na ciyar da ita yau da safe kafin in tafi makaranta.